Lasin Mai Dawakai Biyu

Shekara huɗu bayan samun mulkin kai, rake ya yi kyau a ƙasar Makarfi irin kyan da tsofaffi suka ce ba su taɓa gani ba. Tun daga Gazara har fadamun Gubuchi, duk inda ka juya doki ne ke zagaya injin matsa, hayaƙi na tashi, ƙamshin mazarƙwaila ya cika ko'ina. Motocin Kano suna zuwa suna lodi ba dare ba rana. Kuɗi suka shigo hannun mutanen da ba su saba riƙe su ba, sai kuma tsoro ya biyo baya, don kowa ya san abin da ya sami Mamuda, shugaban ƙungiyar manoman rake. Bara ya cusa takardun fam a tulu ya binne a ɗaki, da ya tono sai ya tarar gara ta riga shi.

Ana cikin haka sai labari ya zo cewa wani baƙo ya sauka a Kudan, sunansa Malam Ashafa. Shi sana'arsa ke nan a duniya, ya gaya wa mai kuɗi inda zai sa kuɗinsa. Ya ce akwai masaƙu da kamfanoni da ke sayar da hannun jari, ka saya ka zama kana da rabo a ciki, in an ci riba a ba ka naka. Ya ce in manoman rake suka haɗa abin da suka samu bana suka ba shi ya saya musu, nan da shekara uku sai su sallami dawakai su sayi inji mai shan mai. Kuma ba da baki kawai yake magana ba. Yana da lasin, takarda ce cikin gilashi, da jan hatimi, da tambarin gwamnati mai fararen dawakai biyu. In wani ɗan boko ya matso kusa zai duba, sai Malam Ashafa ya buɗe masa Turanci kamar an ɓalle famfo, har kunya ta kama shi ya ja da baya yana cewa lalle takardar gangariya ce.

Manoma suka taru suka yi shawara, suka tsaya a kan magana ɗaya: a tura Alhaji Haliru ya binciko asalin mutumin da asalin takardar. In ya ce a ba shi, ranar Laraba a kasuwar Makarfi kowa zai kawo nasa. In ya ce a'a, shi ke nan.

Alhaji Haliru dillalin mazarƙwaila ne. Haifaffen Gubuchi ne, amma ya fi shekara talatin a Makarfi, har ba a kiransa sai Alhaji na Bakin Kasuwa. Bai taɓa zama a aji ba, amma ya yi fataucin goro har Kumasi, ya je Makka ta ƙasa ya dawo, kuma ba a taɓa sayar masa da gurgun doki ba. Shi ya sa suka ɗora masa. Ya kuwa san nauyin abin da aka ɗora masa, don gumin mutum sittin ne zai bi bayan kalma ɗaya daga bakinsa.

Akwai wani abu game da Alhaji da ya kamata a sani tun yanzu. Yana da ɗa a Ikko, ɗansa na fari. To, mutumin kirki a ƙasar nan ba ya kiran sunan ɗan farinsa, ba ya wasa da shi, ba ya tambayar lafiyarsa a gaban mutane. Tun da aka yaye yaron aka miƙa shi ga yayar Alhaji, Uwaliya, wadda ke zaune a gidansa tun rasuwar mijinta. In dole ta sa a yi maganarsa, Alhaji sai ya ce "yaron Uwaliya". Uwar da ta haife shi, Ummulhairi, ita ko hakan ba ta cewa, sai ta sunkuyar da kai ta ci gaba da abin da take yi. In wasiƙa ta zo daga Ikko, da sunan Uwaliya take zuwa, cikin ajami. Ita kuwa sai ta zauna tsakar gida ta karanta da ƙarfi kamar tana yi wa kurma, Alhaji kuma a daidai lokacin ne linzamin dokinsa ke bukatar gyara a bayan zana. Ta haka ya san duk abin da ya sani. Bana kuwa tun kafin damina ba wasiƙa. Uwaliya ta yi mita har ta gaji. Alhaji ya ce, "Yaya, ni ina ruwana? Ɗanki ne." Amma duk ranar da motar wasiƙu ta shigo gari, sai ka gan shi yana da wata bukata a wajen tasha.

Ran Asabar ya ɗauki abokinsa Alaramma Zainulabidin suka bi motar rake zuwa Kudan. Alaramma ya rubuta Alƙur'ani da ka sau huɗu, kuma in ya kalli zayyana sau ɗaya sai ya zana maka ita ba tare da ya sake dubawa ba. A mota Alhaji ya matso kusa da kunnensa.

"Malam, ka taɓa lura da takardar haraji? Ko lasin keke?"

"Na lura suna raba ni da kuɗina."

"Ban da wannan. Rubutun inji na kowa da kowa ne. Wanda aka sa da alƙalami, shi ne na mai takarda. In mun je, ni zan riƙe shi da surutu, kai kuma ka haddace mini layin alƙalamin."

"Haliru, da tsufana za ka sa ni haddar boko?"

"Ba karantawa za ka yi ba. Ɗauko shi za ka yi kamar zayyana."

Suka sami Malam Ashafa a wani shago da ya kama haya kusa da masallacin Juma'a. Mutum ne siriri, bai wuce arba'in ba, da kwat da tabarau, kwat ɗin ta ɗan yi masa yawa a kafaɗa. Ya durƙusa har ƙasa ya gaishe su, ya tambayi hanya, ya tambayi iyali, ya tambayi rake, ya kawo ruwa da goro. Takardar na rataye a bango bayan kujerarsa. A gefe ga wani akwatin ƙarfe shuɗi da kwaɗo.

Alhaji ya ce, "Malam Ashafa, ni ba ɗan boko ba ne. Amma ko doki zan saya sai na buɗe bakinsa, na tambayi wanda ya yi kiwonsa. Kada ka ji haushi."

"Haba Baba Alhaji, ai haka ya kamata. Ga bakin, buɗe ka duba."

Alaramma ya ce, "Mu a wurinmu in mutum ya ce ya san littafi, sai mu ce wa ya karantar da kai, shi kuma wa ya karantar da shi. Kai wa ya ba ka izini?"

Malam Ashafa ya gyara tabarau. "Allah ya gafarta Malam, namu ma haka yake. Na yi elementare, na yi midil a Zariya, na shiga makarantar akawu. Daga nan banki a Kano, shekara biyar ina bayan kanta. Sai aka ɗauke ni Ikko, ofishin masu sayar da hannun jari. Wannan lasin ba a ba mutum shi sai ya yi shekara uku ƙarƙashin wani mai lasin, mutum biyu masu mutunci sun sa hannu sun tsaya masa, sannan ya zauna jarrabawa. Ni karon farko ma faɗuwa na yi. Zazzaɓi ya kama ni a ɗakin jarrabawa, har na yi amai a kan takalmin Baturen da ke tsaronmu." Ya yi dariya. "Karo na biyu na ci."

Goron da ke bakin Alhaji ya tsaya. Wannan labarin ya taɓa jin sa. Ya ji shi shekara biyu da suka wuce, yana tsugune a bayan zana da linzami a hannu, Uwaliya na karantawa tana dariya har da hawaye. Zariya, Kano, Ikko, zazzaɓi, takalmin Bature. Ya ce a ransa, to, 'yan boko ai hanya ɗaya suke bi. Amma mutum biyu su yi amai a kan takalmi ɗaya?

Tambayar tana nan a kan harshensa, gajeriya: ko ka san wani yaro daga wajenmu a Ikko? Da ya yi ta, da an gama a nan. Amma ga Alaramma zaune, ga mutum biyu a bakin ƙofa suna saurare, a ce Alhaji Haliru da furfurarsa ya zo Kudan yana cigiyar ɗan farinsa? Ya haɗiye ta tare da goron.

Sai ya ce, "Ko za ka ba ni aron takardar in nuna wa jama'a?"

"Ayya, Baba Alhaji. Doka ta hana ta kwana inda ba na nan. Amma ran Laraba zan zo da ita. Gobe ma zan leƙa Zariya, daga can zan wuto muku."

Alaramma ya miƙe yana dafa gwiwa. "Ni dai bari in ga wannan ado. Mai son rubutu ne ni."

Malam Ashafa ya ga tsoho da rawani da tawada a yatsu, ya matsa masa da kujera. "Bismilla. Amma Malam, daga hagu ake farawa."

"Ni daga inda na saba zan fara, ɗana."

Alhaji ya ci gaba da jan mutumin da tambaya, yaya ake raba riba, in masaƙa ta ƙone wa ke da asara, in mai hannun jari ya mutu yaya magada za su yi. Abin mamaki, duk ya amsa, kuma amsa mai ma'ana. Alaramma kuwa yana tsaye hancinsa kusan a jikin gilashi, leɓɓansa na motsi.

Da suka fito bayan gari, Alaramma ya zauna gindin wata tsamiya, ya ciro takarda da tawada da alƙalamin kara daga gafaka. Ya fara daga dama yana tafiya hagu, yana zana ƙugiyoyi da wutsiyoyi, dunƙule uku a layi ɗaya.

"Ga shi. Rubutu ba ladabi, duk a kishingiɗe." Ya ɗaga kai ya dubi abokinsa. "Lafiya? Tun ɗazu fuskarka ta sauya."

"Goron ne, ya yi ɗaci."

Akwai masu karatun boko a Makarfi, amma bakinsu ba ya riƙe magana, kafin la'asar maganar ta kai Kudan. Saboda haka ran Litinin suka tafi Ikara wurin Iliyasu, tsohon soja da ya yi yaƙin Bama, yanzu shi ke yin allura a ɗakin shan magani. Baƙo ne a ƙasar, mazarƙwaila ce kawai ta haɗa shi da Alhaji. Suka same shi yana dafa allurai a wata 'yar tukunya.

Ya karɓi takardar da Alaramma ya zana ya juya ta, ya sake juyawa, ya fashe da dariya. "Alaramma, kai ka yi wannan? Wallahi ka fi akawun hakimi iya rubutu. Sai mu nema maka aiki a En'e, ofishin sarki."

"Karanta dai, sarkin surutu."

Iliyasu ya miƙa hannu nesa da idonsa. "Suna ne. Mu-ham-ma-du. Na biyu, Au-wa-lu. Na ukun kuma... Gubuchi. Muhammadu Auwalu Gubuchi. Ai 'yan makaranta da sunan garinsu ake rubuta su. A ina kuka samo?"

Alaramma ya dubi ƙasa. Alhaji yana jin tafasar tukunyar nan kamar a cikin kansa take.

Alaramma ne ya daure ya ce, "A jikin wani lasin yake, mai gilashi. Amma wanda ke riƙe da shi ba sunansa ke nan ba."

Iliyasu ya daina dariya. "To, ku yi hankali. Irin wannan takarda mutum ba ya ba da aronta, ba ya sayarwa, don ita ce abincinsa. In ka gan ta a hannun wani, ko sata ce ko gado." Ya dubi Alhaji. "Kun san mai sunan?"

Alhaji ya kau da kai. "Yaron wata 'yar'uwata ne. Ba ni ruwa."

Ya karɓi moɗa ya sha.

Suka kama hanyar komawa har suka wuce rabi. Alaramma ya ce, "Haliru, in ka so, ran Laraba ni zan faɗa."

"Ni suka aika."

"Za su tambaye ka ta wane ne."

"Na sani."

Ranar Talata ta yi wa Alhaji tsawo. Bai gaya wa kowa a gida ba, don me zai ce? Uwaliya ta kawo masa fura ya ce cikinsa ba daɗi. Ya zauna a zaure yana juya kalmomin Iliyasu guda biyu, sata ko gado. Shi da ya yi shekara sittin yana tsine wa ɓarayi, ranar nan a kowace salla roƙonsa ɗaya ne, Allah ya sa Malam Ashafa ɓarawo ne.

Laraba da hantsi kasuwa ta cika. Manoman rake suka taru a babbar rumfa bayan 'yan mazarƙwaila, kowa da ƙullinsa a aljihun ciki, wasu hannunsu bai bar kan aljihun ba tun daga gida. Malam Ashafa ya sauko daga motar Zariya da kwat ɗinsa, ɗan dako na biye da shi da akwatin nan shuɗi. Ya buɗe kwaɗo ya ciro takardar ya jingina ta a kan akwatin. Rana ta bugi gilashin, mutane suka yi ta miƙa wuya.

"Kai, ka ga dawakan!"

"Irin na jikin tambarin ofishin hakimi ne sak."

Mamuda ya ɗaga hannu aka yi shiru. "To Alhaji, bakinka muke jira. Ka je, ka gani. Mu ba shi?"

Alhaji ya miƙe.

"Na je, na gani. Takardar nan ta gaskiya ce. Gwamnati ce ta ba da ita."

Rumfa ta ɗauki murna. Malam Ashafa ya yi murmushi ya sunkuyar da kai. Wani har ya fara kwance ƙullinsa.

"Ku dakata. Takardar ta gaskiya ce, amma ba tasa ba ce."

Malam Ashafa ya cire tabarau ya mayar. "Baba Alhaji, wace irin magana ce wannan? Ga sunana nan a rubuce." Ya juya ya fara zuba Turanci.

"Bar Turancin nan, ba ya kama ni," in ji Alhaji. "An ɗauko layin alƙalamin, an kai Ikara an karanta. Ba Ashafa a ciki."

Mamuda ya matso. Shi ne ya fi kowa son injin nan mai shan mai, ransa ya ɓaci. "Alhaji, ba a ƙaryata baƙo haka kawai a tsakiyar kasuwa. In ba tasa ba ce, ta wane ne?"

"Ta wani yaro ce."

"Wane yaro? Yara sun yi yawa a duniya."

"Yaron... wajenmu ne."

Wani daga baya ya ce, "Ko dai Alhaji ba ya son mu sayi inji ne, kada dillanci ya mutu?" Wasu suka yi guna-guni. Alhaji ya ga hannaye suna komawa kan ƙulli. Ya gane in ya tsaya a nan, kafin azahar rabin mutanen nan sun zuba guminsu a akwatin. Alaramma ya yi gyaran murya zai yi magana, Alhaji ya ɗaga masa hannu.

Shekara talatin da biyu sunan nan yana cikin bakinsa bai taɓa fitowa ba. Ko ranar suna, da liman ya raɗa, shi fita ya yi ya bar zauren.

"Muhammadu Auwalu," in ji shi. "Sunan da ke jiki ke nan. Muhammadu Auwalu Gubuchi. Ɗana ne. Na fari."

Wani tsoho ya ce, "La'ilaha illallahu!" Mamuda ya ja da baya kamar an mare shi. Waɗanda suka girma tare da Alhaji suka kasa kallonsa, kowa ya sunkuyar da kai kamar sun gan shi ba riga.

Malam Ashafa kuwa bakinsa ya buɗe. Ya dubi Alhaji tun daga hula har takalmi, ya zube a ƙasa.

"Kai ne tsohon? An ce mini a Gubuchi kake!"

"Na bar Gubuchi tun kafin ya yi wayo. Tambaya ɗaya zan yi maka, ka ji tsoron Allah. Sace ta ka yi?"

Ashafa ya cire tabarau ya ajiye a ƙasa. Ba tare da su ba fuskarsa ta koma ta wani talaka da ya sha wahala.

"Baba, da ma sata na yi."

Alhaji ya ji maganar ta shige shi kamar ruwan sanyi. Bai faɗi ba. Ya kama ginshiƙin rumfa ya riƙe.

"Yaushe?"

"Kafin damina, da kwana tara ga watan Sallar Layya. Ciwon ciki ne, kwana huɗu kawai ya yi a asibiti." Hawaye suka zubo masa. "Ni masinja ne a ofishinsu, Baba. Shekara shida ina share teburinsa, ina kai masa takardu. Duk abin da na gaya muku a bakinsa na ji. Da ya rasu, manaja ya haɗa kayansa a akwatin nan, ya sa wasiƙa a ciki, ya ba ni kuɗin jirgi, ya ce tunda ni ɗan Arewa ne in kai wa mahaifinsa a Gubuchi. Na iso Zariya na kasa ƙarasowa. Yaya zan shiga gidan mutane da wannan labari? Na yi wata biyar ina cewa gobe. Guzuri ya ƙare. Ran nan na ciro kwat ɗinsa daga akwatin na sa don in nemi aiki, sai na ga mutane suna ba ni hanya, suna ce mini ranka ya daɗe. Ni da ba a taɓa..."

Mamuda ya daka masa tsawa. "Da kuɗinmu fa? Ina za ka kai su?"

"Wallahi niyyata in saya muku. Na san yadda ake yi."

"Da wane lasin? Na mamaci?"

Rumfa ta rikice. Wani ya ɗauko sandar rake, wani ya ce a kai shi gaban alƙali, wani ya ce a fara karya shi tukuna. Aka cafki wuyan kwat ɗin.

"Ku sake rigar nan," in ji Alhaji. Bai ɗaga murya ba, amma aka saki. "Ba tasa ba ce."

Ya tsuguna a gaban mutumin, gwiwa da gwiwa.

"Wa ya yi masa wanka?"

"Ni, Baba. Ni da limamin unguwar Hausawa."

"An yi masa salla?"

"Sahu uku. Har Yarabawan ofis sun zo. Na san kabarin, na sa dutse."

Alhaji ya gyaɗa kai a hankali. Da ya sake magana, da ƙyar aka ji shi.

"Da ka ji sunana a Kudan, ba ka gane ni ba?"

"Ina zan gane? Kullum yana maganarka. Tsohon ya je Makka da ƙafa, tsohon ba a cutarsa a ciniki, in na samu hutu zan kai wa tsohon agogo. Amma ko sau ɗaya bai taɓa faɗin sunanka ba."

Alaramma ya juya baya ya share ido da gefen rawani.

Alhaji ya miƙe ya fuskanci jama'a. "Kun aike ni, na dawo. Kada wanda ya ba shi ko anini. Kowa ya mai da ƙullinsa gida. Maganar alƙali kuma taku ce, ku kai shi gobe in kun so. Amma yau nawa ne." Ya dubi Ashafa. "Cire kwat ɗin ka ninke. Sa tabarau a aljihunta. Mai da takardar ciki ka rufe. An ba ka aike tun kafin damina, yau za ka ƙarasa shi."

Ashafa ya yi yadda aka ce, ya rage daga shi sai 'yar shara. Ɗan dako ya matso zai ɗauka, Alhaji ya ce a'a. Ashafa ya ɗora akwatin a kansa. Haka suka ratsa kasuwa, Alhaji a gaba, masinja a baya, Alaramma na biye, manoman rake sittin suna bin su shiru ba wanda ya ce su zo. 'Yan kasuwa suna ta matsawa suna tambayar juna abin da ya faru.

Tun daga kasuwa har ƙofar gida Alhaji yana neman kalmar da zai shiga da ita. Yaya zai gaya wa Uwaliya? Ita kuma uwar da ta haife shi, wadda ba ta taɓa tambaya ba, da wane baki zai fara?

Da ya sa ƙafa a zaure sai ya tsaya. An share shi tas, an shimfiɗa tabarmi tun daga bango har bango, har da na maƙwabta. Uwaliya na tsaye a ƙofar ciki ta dafa bango, idanunta sun yi ja.

"Yaya," in ji shi, "wa ya gaya muku?"

"Ba wanda ya gaya mana kome. Mai kawo nono ce ta shigo ta ce wai an ji ka kira sunansa a tsakiyar kasuwa." Ta haɗiye kuka. "Ummulhairi na tankaɗe. Ta ajiye rariya, ba ta tambayi kome ba, ta ce a fito da tabarmi, mutane za su zo."

Alhaji ya juya ya nuna wa Ashafa tsakiyar zauren.

"Sauke a nan," in ji shi. "A hankali."